Kwafi Na Uku

Shekara ashirin da biyu Malama Maimuna ta yi tana buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna, kuma abin da take taƙama da shi guda ɗaya ne: ba a taɓa dawo mata da takarda an ce ta sake ba. Ba ta da tsayi, ba ta da yawan magana, amma idan ta ɗora tabarau a kan hanci ta gyara zama, har manyan ofis sukan rage murya. Yadda take aiki kuwa bai taɓa canzawa ba. Fararen takardu uku, da baƙar takardar kabon biyu a tsakaninsu, ta daidaita gefensu a kan tebur ta zura a tafireta. Ta farko ta wanda aka rubuta wa ce, ta biyu ta fayil, ta uku kuma ta hukumar da ya kamata ta san da maganar. A can ƙasa ta hagu sai ta buga haruffan sunanta guda biyu. Marigayi mijinta yakan tsokane ta cewa ko kayan miya za ta lissafa, sai ta yi uku ta aika wa mai unguwa ɗaya. Ita dai ba ta taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

A shekarar 1984 unguwar Rafin Guza ta cika da baƙi. Wasu yaƙin Cadi ne ya koro su, wasu fari da yunwa, wasu kuma an kore su bara sun sake sulalowa don ba su tarar da komai a gida ba. Sai matan unguwar Malali, ma'aikata da matan ma'aikata, suka ce za su kafa ƙungiyar taimakon 'yan matan da suka yi gudun hijira. Ranar taron farko an ga leshi, an ji turare, an zaɓi shugaba da mataimakiya da mataimakiyar mataimakiya, aka ɓata awa guda ana gardamar launin anko. Bayan wata biyu, da aka ga aikin ya ƙunshi ratsa kwatoci da zama a zaure mai zafi, sai wannan ta ce ciwon baya, waccan ta ce maigida ya hana. Aka bar Malama Maimuna, sakatariyar ƙungiya, da zaure ɗaya, da allo, da tsohon keken ɗinkinta da ta ɗauko daga gida, da 'yan mata goma sha huɗu. Kowace Asabar da Lahadi bayan azahar tana can, tana koya musu karatu da ɗinki.

A cikinsu akwai Kaltume, siririya mai shekara goma sha biyar, wadda takan zauna kusa da ƙofa. Tana da shekara goma sha biyu suka iso Kaduna ita da kakarta, su biyu rak, suka sauka a ɗakin zauren wata mai sayar da tuwo da ake kira Larai. Larai Bakatsiniya ce, mijinta Ɗanasabe direban tifa ne mai ɗebo yashi daga bakin kogi. Ta haihu sau huɗu, ba ko ɗaya da ya kai yaye. Da damina ta zagayo kakar Kaltume ta kwanta ciwo, kafin ta cika ta kamo hannun yarinyar ta sa a cikin na Larai. Tsohuwar ba ta iya Hausa ba, Larai kuma ba ta iya yarensu ba, amma ba a buƙaci tafinta ba.

Mutanen Rafin Guza suna da wata ɗabi'a. Da yake kusan kowa daga wani wuri ya zo, wannan Kano, wancan Katsina, wancan Zamfara, ba a tsananta tambayar asali. Gidan da mutum yake cin tuwo, da shi ake kiran sa. Don haka aka daina cewa yarinyar tsohuwar nan, aka koma cewa Kaltume ta gidan Larai, daga baya ma aka taƙaita, Kaltumen Larai. A farkon 1983, da gwamnati ta ce baƙin da ba su da takarda su fita, ma'aikata sun bi layin gida gida. Daga mai shayi har mai faskare, duk wanda aka tambaya sai ya ce ai 'yar Larai ce, a gabanmu ta girma. Yarinya kuma ta buɗe baki aka ji Katsinanci tsantsa. Ma'aikatan suka wuce.

Malama Maimuna ta so yarinyar nan, ko da yake ba ta iya nuna so ba sai ta hanyar faɗa. Idan Kaltume ta karkatar da layin ɗinki ko kaɗan, sai ta sa ta warware. Sauran takan bar su da nasu karkataccen. Keke ɗaya ne dai ga mutum goma sha huɗu, kafin layi ya zo kan yarinya la'asar ta yi. Wannan ya dami Malama, ta yi ta rubuta wasiƙu, har wata ƙungiyar agaji da ke Legas ta amsa. Suka ce za su ba da keke shida, amma sai an aiko musu da sunan kowace yarinya, da sunan mahaifinta, da garin da aka haife ta, da gidan da take zaune yanzu, don su tabbatar 'yan gudun hijira ne.

Wata Asabar ta zo da littafi da biro, ta riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Kaltume ta ce, "Sunan mahaifi?"

"Ɗanasabe," in ji Kaltume, ba tare da tunani ba.

Malama ta dube ta ta saman tabarau. "Wanda ya haife ki nake tambaya."

Yarinyar ta dubi littafin. Can ta ce, "Abakar. Abakar Jibrin." Ta faɗe shi a hankali, da wani irin lafazi da Malama ba ta taɓa ji a bakinta ba. Ta ce sunan ƙauyensu Amjarat, gabas da Njamena, akwai rijiya biyu da itatuwan kanya a bakin hanya. Ta ce babanta yana da jaki mai yankakken kunne. Ba a tambaye ta wannan ba, amma ta faɗa. Ta ce ranar da aka sa wa ƙauyen wuta ita da kakarta sun je itace, daga nesa suka hango hayaƙi, ba su koma ba.

"Malama, in gani?" ta ce. Aka juya mata littafin, ta bi haruffan da yatsa tana haɗa su, don a lokacin karatunta bai nuna ba. "Shekara uku ba wanda ya tambaye ni sunansa." Tana murmushi, idonta kuma ya cika.

Washegari Larai da kanta ta zo zauren, hannunta da sauran danshin wanke-wanke, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shiga.

"Malama, mi za a yi da sunan wani uba can? Uban Kaltume Ɗanasabe ne. Shi za ki rubuta."

"Idan na rubuta haka, masu ba da keke za su ce ba 'yar gudun hijira ba ce."

"To a bar keken. Da hannu ma ana ɗinki."

"Larai, ni ban taɓa buga abin da ba gaskiya ba, ba kuma zan fara a kan yarinyar da nake so ba. Ki kwantar da hankalinki. Takardar nan daga ni sai mutanen Legas, ba mai ganin ta."

Larai ta daɗe tana kallon ta. "Kin ce ba mai gani?"

"Na ce ba mai gani."

Kuma har ga Allah, lokacin da ta faɗa ta yi imani da abin da ta faɗa. Ranar Litinin, da aiki ya lafa a ofis, ta jawo fararen takardu uku da kabon biyu. Ta buga sunaye goma sha huɗu a jere, tsaf, ba gogewa ko ɗaya. A ƙasa yatsunta suka buga kwafi zuwa ga ofishin da ke kula da ƙungiyoyin sa kai, kamar yadda suka saba buga irin wannan layi sau dubbai, sannan haruffan sunanta. Ta farko ta shiga ambulan ɗin Legas, ta biyu ta shiga fayil ɗin ƙungiya, ta uku ta faɗa kwandon masinja tare da sauran wasiƙun ranar. A wajen Malama Maimuna kwafi na uku ba aikawa ba ne, ƙarasa aiki ne, kamar rufe tukunya bayan an zuba abinci. Ba ta sake tuna shi ba.

Kekuna suka iso kafin ƙarshen shekara, shida cif, baƙaƙe masu sheƙi. Ranar ma matan anko sun bayyana aka ɗauki hoto. Kaltume ta zauna a kan nata kamar an haife ta a kai. Kafin wata huɗu ta fara ɗinka wa matan layinsu rigunan yara, ta ɗinka wa Ɗanasabe 'yar shara da ya riƙa sawa ranar Juma'a yana nuna wa direbobi aljihun. Malama ta yarda ta kai keken gida, abin da ba ta yardar wa kowa ba. Larai ta daina ɗaure fuska, har takan aiko wa Malama da tuwon dawa da miyar kuka a kwano mai murfi.

A watan Afrilu na 1985 rediyo ya sake faɗar abin da ya faɗa shekara biyu da suka wuce: baƙin da ba su da takardar zama su tattara su fita, an ba su zuwa goma ga Mayu. Zauren ya fara raguwa. Wannan Asabar babu uku, mai zuwa babu biyar. Iyayensu sun sayar da tabarmi da tukwane sun nufi tasha. Wasu 'yan matan sun zo sallama, wasu sai labari. Malama ta riƙa rufe kekunan da ba su da masu su da tsofaffin zannuwa, zuciyarta ba daɗi. Amma game da Kaltume ba ta damu ba. Da ta je gidan, ta tarar da Larai tana tuƙa tuwo hankali kwance.

"Sun zo wancan karon sun tahi," in ji Larai. "Su sake zuwa. Ɗiyata ce, kowa ya sani."

Kwana uku bayan cikar wa'adi, da hantsi, Malama tana tsakiyar buga wata doguwar wasiƙa aka ce tana da baƙo. Ɗanasabe ne, ƙafafunsa duk yashi, ya cire hula yana murɗa ta a hannu. Mutum ne mai yawan barkwanci, amma ranar da ƙyar maganar ta fito.

"Malama, sun tahi da ita."

Ya ce ba bincike aka yi ba, ba a shiga gidan kowa ba. Mota ce ta zo ta tsaya daidai ƙofar gidansa. Mutum biyu suka sauka, ɗaya riƙe da takarda, ya ce ina Kaltume Abakar Jibrin, 'yar Amjarat. Mai shayi ya taso, mai faskare ya taso, layi ya cika ana cewa 'yar Larai ce. Mai takardar ya ce shi bai zo gardama ba, ga suna, ga sunan uba, ga gida. Larai ta riƙe yarinyar har zanenta ya kwance.

"Wa ya ba su sunan uban nan, Malama? Mu ukku muka san shi, sai ke."

Har lokacin ita ma ba ta sani ba. A zuciyarta mutanen Legas take zargi. Ta rufe tafireta a tsakiyar jimla, abin da ba ta taɓa yi ba, ta bi shi.

A wani fili da aka kewaye da waya aka tara mutanen, a bayan gari. An yi ruwan farko da asuba, ƙasa ta jiƙe, mata suna zaune a kan ƙullin kayansu. Larai tana tsaye a waje ta kama wayar da hannu biyu, Kaltume tana ciki ta kama daidai wurin. A ƙarƙashin wata rumfar kwano akwai tebur, a bayansa wani saurayi mai farar riga. Da ya ga Malama sai ya miƙe tsaye da sauri ya rusuna. Ja'afaru ne. A ofishinta ya fara aiki yana ƙaramin akawu, ita ta koya masa yadda ake buɗe fayil da yadda ake jera kabon, ta sha ranƙwashin kansa da biro.

"Hajiya, me ya kawo ki nan?"

Ta faɗa masa. Ta ce tana so ta ga takardar da aka yi aiki da ita. Ya buɗe fayil ya miƙo mata.

Tun kafin ta ɗora tabarau ta gane ta. Rubutun ya dushe, gefen haruffan ya yi laushi, kamar yadda na uku yake fitowa kullum. Sunaye goma sha huɗu a jere, ba gogewa ko ɗaya. An ja jan layi a kan goma sha uku, an rubuta sun tafi. A ƙasa ga layin kwafi zuwa ga, ga haruffan sunanta biyu. A sama ga hatimin ranar da aka karɓa, wata goma da suka wuce. Sai a lokacin ta tuna ranar Litinin ɗin, da kwandon masinja, da yadda ta ji daɗin kammala aiki. Ta zauna a kan wani benci ba tare da an ce ta zauna ba.

"Da aka ce a tattaro duk takardun da suka shafi baƙi, aka turo mana ita," in ji Ja'afaru. "Wallahi Hajiya, duk cikin takardun da muka samu ba wadda ta kai ta tsabta. Sauran sai mu yini muna neman gida ɗaya."

Yabo yake yi, bai san da me yake dukan ta ba.

"Yaushe za su tashi?"

"Gobe da hantsi, idan motoci sun iso."

Ba ta iya zuwa wajen wayar ba. Ta bi ta bayan rumfar ta fita, ta koma ofis. Ta jira aka tashi aiki, kowa ya watse, sannan ta zauna gaban tafireta. Ta buga cewa ita, sakatariyar ƙungiya, ta yi kuskure a takardar bara, Kaltume 'yar Ɗanasabe ce da Larai, a ƙasar Katsina aka haife ta. Layi biyar ne kawai, amma sau huɗu tana zare takarda tana yagawa, don yatsunta sai tuntuɓe suke yi. Kafin magariba ta kai wa mai unguwar Rafin Guza. Tsohon ya sa aka karanta masa, ya dangwala babban yatsa a matsayin shaida. Daga nan ta wuce gida ta ciro kwafi na biyu daga fayil ɗin ƙungiya ta sa a jaka, da niyyar ta ƙona shi. Ta rasa ƙarfin halin yin hakan.

Da sassafe ta ajiye sabuwar takardar a gaban Ja'afaru. Ya karanta sau biyu. Ya ɗago ya dube ta da tausayi, ita kuwa ta gwammace ya zage ta.

"Hajiya, kuskure?"

"Kuskure. Ni ma mutum ce."

"Da harafi ne ya sauya, ko lambar gida, sai in ce to. Amma Amjarat fa? Wane kuskure ne zai sa mutum ya buga sunan ƙauyen da ba wanda ya taɓa ji, da sunan uba da na kaka? Kuma ke? Duk wanda zan kai wa takardar nan a sama ya san ki. Dariya za su yi, daga nan su tambayi dalilin da ya sa kika buga ta biyun."

"Su tambaya. Su kore ni. Saura shekara nawa ne in yi ritaya?"

"Ko sun kore ki ba zai fitar da ita ba." Ya rage murya. "Hajiya, da ba a rubuce take ba, wallahi da na kau da kai. Jiya ma na kau da kai a kan mutum nawa. Amma sunanta ya shiga jerin waɗanda za su hau mota, an ƙirga, an sa hannu."

"To ciro jerin ka sake bugawa. Ba ga tafireta nan ba? Ni zan buga maka."

Ja'afaru ya sunkuyar da kai. "Uku na yi, Hajiya. Kamar yadda kika koya min. Ɗaya tana wajen jami'in da zai raka su, ɗaya kuma ta tafi sama tun jiya da yamma."

Ta daɗe tana kallon teburin. Ta ɗauki takardar ƙaryarta, ta farko kuma ta ƙarshe, ta ninke ta sa a jaka.

Motocin suka iso da hantsi, manya masu bodin katako. Aka ce kowa abin da hannunsa zai iya ɗauka kawai. Ɗanasabe ya taho da keken ɗinkin a kansa tun daga Rafin Guza, aka ce ba wuri, ya ajiye shi a cikin laka ya tsaya kusa da shi kamar mai gadi. Daga baya ya je wajen direban motar, ya kama hannunsa, ya ce shi ma direba ne, ga 'yarsa nan amana har inda mota za ta tsaya. Larai ta ƙulla garin ƙuli-ƙuli da soyayyen dambu a leda, ta cire mayafinta ta yafa wa Kaltume, tana ta gyara shi a kafaɗarta ko da yake ya zauna daidai.

Malama ta tsaya nesa. Kaltume ce ta hango ta, ta taho bakin waya.

"Malama, ina kwana."

"Kaltume, ni ce. Takardata ce. Ni na..."

"Na gani, Malama. Da suka zo na ga haruffanki a ƙasa." Ba fushi a muryarta, gajiya ce kawai. Ta waiga ta tabbatar Larai ba ta kusa. "Kina da wata irinta?"

"Me za ki yi da ita?"

"Can da za a kai mu ba wanda ya san ni. Yaren ma ya fara kuɓuce min. In na ce ni 'yar Ɗanasabe ce, wa zai gane? Ko akwai wanda ya ragu a dangin babana, sai da sunansa zan neme shi. Kuma duk duniya a nan kaɗai aka rubuta shi."

Malama ta buɗe jaka, ta ciro kwafi na biyu ta tura ta ramin waya. Kaltume ta nemo layinta, ta karanta shi, yanzu ba sai da yatsa ba. Ta ninke takardar ƙanana ta ƙulle a bakin mayafin Larai.

"Ki ce wa Inna ta riƙa sa wa keken mai, kar ya yi tsatsa."

Aka kira sunanta, cikakke, da na uba da na kaka. Ta amsa ta hau. Da motar ta motsa Larai ba ta yi kururuwa ba. Ta bi ta da ƙafa, kanta ba mayafi, har bakin kwalta, ta tsaya a nan har ƙarar ta ɓace. Da ta juyo ta wuce ta gaban Malama, kafaɗarsu ta kusa gogar juna, ba ta dube ta ba.

Zauren ya rufu. Matan anko suka yi taro suka raba kekuna biyar ga wata makaranta. Malama ta ci gaba da zuwa ofis, tana buga abin da aka ba ta, tana komawa gida. Sau biyu ta kama hanyar Rafin Guza, sau biyu ta juyo daga bakin kwata. Direban ya dawo ya gaya wa Ɗanasabe ya sauke su a bakin iyaka, ya ga ta tsallaka da ƙafarta tare da wasu mata. Iyakar labarin ke nan.

Azumi ya kama. Ranar sha biyu ga wata, wajen azahar, aka ce wata mata tana zaune a bencin waje tun safe, ta ƙi faɗar abin da ya kawo ta. Malama ta leƙa ta ga Larai. Ta rame, ta yafa wani tsohon zane. Ba ta taɓa shiga ofishin gwamnati ba, ta cire takalmanta a bakin ƙofa. Suka gaisa gaisuwar azumi, gajeriya.

"Wasiƙa nike so ki yi mani," in ji Larai. "Masu rubutu na bakin kasuwa hannunsu bai fita. Naki take iya karantawa."

Malama ta ja mata kujera. Ta zauna gaban tafireta, ta buɗe aljihun tebur. Kafin ta ankara hannunta ya ƙirgo fararen takardu uku, ɗayan hannun ya kai kan kabon.

"Guda za ki yi, Malama," in ji Larai. Ba ta ɗaga murya ba. "Guda tak."

Malama ta mayar da biyu, ta rufe aljihun. Takarda ɗaya ta yi mata sirantaka a hannu, da ƙyar ta zauna daidai a tafireta.

Larai ta fara faɗa tana kallon bango. A ce mata ana gaishe ta, Babanta yana gaishe ta. A ce keke yana ɗaka an rufe shi, ana sa masa mai duk Juma'a, ba wanda ya taɓa. A ce ta riƙa cin abin sahur ko ba ta jin yunwa, don ita ba ta son ci da asuba. A ce atamfar sallarta tana nan an saya, ba za a ba kowa ya ɗinka ba. A ce in ta samu mai zuwa, ko baki ne ta aiko. Malama tana bugawa, tabarau yana hazo, tana cirewa tana gogewa. Da aka gama ta zare takardar. Ba ta buga haruffan sunanta a ƙasa ba. Ta ɗauko ambulan ta zura, ta ɗora yatsu, sai ta tsaya.

"Larai, ina za a aika?"

Sai a lokacin Larai ta juyo ta dube ta sosai, karo na farko tun ranar motar.

"Ni za ki tambaya? Ke kika rubuta inda ta hito. Ni ban san mata wani gida ba sai nawa."

Malama Maimuna ta sunkuyar da kai. Ta buga Kaltume Abakar Jibrin, ta sauko layi ta buga Amjarat, ƙauyen da yarinyar ta gaya mata da bakinta cewa an ƙone shi. Larai ta karɓi ambulan ɗin da hannu biyu, ta sa takalmanta a bakin ƙofa, ta tambayi masinja hanyar gidan waya.